Makullin Bayin Masallaci da Gajeren Wandona

"Baba, don Allah a taimaka mini da makullin bayi. Cikina ne."

Haka na ce da dattijon da ke kula da wani masallaci a Yalwawa, ina durƙushe na dafe ciki. Farkon shekarun shari'a ne a Dutse. Tun ina saurayi nake fama da kumburin hanji, ciwon da in ya murɗa ba ya jiran kowa. Duk da haka kullum da safe nakan fita gudu, ina shirin tseren da muka haɗa don tara wa masu irin ciwona kuɗin magani.

Ya ƙare mini kallo, idonsa ya tsaya a gwiwata.

"Da wannan gajeren wandon? Je ka suturta jikinka tukuna. Ina ka taɓa ganin mara lafiya yana gudu?"

"Baba, ba sahu zan shiga ba. Bayi ne."

Ya mayar da makullin aljihu, ya ci gaba da jan carbinsa.

A bakin ƙofar nan abin ya kufce mini, har da jini, a gaban mata masu ɗiban ruwa.

Tseren dai na yi shi, har yau ma ina yi. Amma jiya na bi ta wurin, na ga ƙofar bayin da kwaɗonta, raina ya sake ɓaci kamar ranar.

Masu riƙe da makullai, ku faɗa mini: tsakanin gwiwata da abin da matan nan suka gani, wanne ne tsiraicin?