Muryar Yaya Sani a Kaset

Shekara goma sha takwas ke nan da motar da muke ciki ta kife. Yayana Sani ya rasu nan take. Ni na fita da ƙafa ɗaya.

Ni marini ne a Ƙofar Mata. Shi kuwa ɗan situdiyo gare shi a Yakasai, yana ɗaukar mawaƙa a kaset. Cikin kayansa akwai wani ɗan akwati da suke kira feza, mai sa sauti ya riƙa lilo kamar iska na kaɗa shi. Maɓalli biyu ke jikinsa, na murɗawa. Yaya ya kwatanta mini su da aikina: ɗaya zurfin tsoma zane ne, ɗaya saurin tsomawa da ɗagawa. Kaɗan yake murɗa su, kunnensa na bin numfashin mawaƙi. Yakan ce in har mai sauraro ya gane an sa, to gishiri ya yi wa miya yawa.

Bai taɓa ɗaukar muryar kansa ba sai ranar sunan 'yarsa Safiya. Bayan la'asar ya ce zai yi mata addu'a a kaset, ta ji in ta girma. Ya zaunar da ni gaban na'ura.

"Danna jan maɓallin ɗauka kawai, Ado. Kar ka taɓa komai."

Na taɓa. Na murɗe maɓallan biyu har ƙarshe, don in burge shi. Da ya saurara ya yi dariya ya ce, "Kai marini, ka nutsar da ni a rijiyar rini! Mu sake wani satin." Ba mu sake ba har motar nan ta kife da mu. Da na sani ƙeya ce.

Bana Safiya ta kai kaset ɗin wurin masu kwamfuta don su cire lilon daga muryar. Suka ce mata yanzu murya daban ake ajiyewa, adon sauti irin na feza daban, in bai yi ba a cire. Amma wanda ya hau kaset tare da murya ya zauna ke nan. Wannan ba sai an faɗa mini ba. Shuni in ya kama zane ba ya fita.

Da Yaya na nan, ina jin zai so wannan sauƙi. Zai kuma yi faɗa, don waƙoƙin da nake ji a wayoyin mutane yanzu duk irin murɗawata ce.

Safiya ta kunna mini a soro. Kalmomin suna fita, addu'ar tana nan, amma muryar rawa take kamar ta mai magana a ƙarƙashin ruwa. Ta ce, "Baffa, haka muryar Babana take?"

Na ce, "A'a."

Addu'arsa ta kai gare ta. Muryarsa kuwa a kaina kawai ta rage, ba ni da hanyar ba ta. Yaya yana maƙabartar bayan ganuwa, Allah Ya jiƙansa. Ni ina nan bakin rijiyata a Ƙofar Mata, ina tsoma zane a hankali.