Lotsawar Gwaggo a Motar Mai Agogo

Gwaggo, yayar babanmu, shekara talatin da biyu ta yi tana aikin jinya a ɗakin yara. Har yau rabin unguwa Sista suke ce mata. Mace ce mai son komai a rubuce, ko ƙwayar ciwon kai ta ba ka sai ta duba lokaci ta rubuta. Ba ta taɓa riƙe sitiyari ba sai da ta ajiye aiki. Motar mijinta, Allah ya jiƙansa, ta shekara biyu a tsakar gida lulluɓe da tamfol, har kyanwa ta haihu a ƙarƙashinta. Wata safiya Gwaggo ta yaye tamfol ɗin ta ce, "Ko in tuƙa ta ko in sayar. Kuma ba zan sayar ba."

Ta koya, ta karɓi lasisi, ta yi inshora mai ƙarfi, irin wadda ke gyara motarka da ta wanda ka buga. Tuƙinta kuwa, masu keke sun sha wuce ta suna ɗaga mata hannu. Shekara huɗu ko ƙwarzane babu.

Ranar da abin ya faru ina cikin motar, ta ɗauko ni daga makarantar da nake koyarwa, muka tsaya a shagon magani. Da za mu tafi ta sa ribas, sai muka ji ƙum. Ta kashe mota, ta yi salati, ta fita. Bambar motarta ta taɓa ƙofar wata tsohuwar shuɗiyar mota da ke ajiye a bayanmu.

"Gwaggo, ba wanda ya gani," na ce, da wasa.

Ta harare ni ta saman tabarau. "Ke da kike koyar da 'ya'yan mutane?"

Kusan awa guda muka yi a tsaye kafin mai motar ya zo. Wani dattijo ne siriri, mai gyaran agogo a layin baya. Gwaggo ta tare shi.

"Malam, ka yi haƙuri, na buga maka mota."

"Subhanallahi. Ba wanda ya ji ciwo dai, Hajiya?"

"Babu."

"To alhamdulillahi." Ya zagaya motar sau ɗaya, ya sake zagayawa yana shafa gemu. Motar nan babu inda ba ta lotsa ba, daga gaba har baya kamar tsohon kwanon awo. Ya dawo ya tsaya gabanmu cikin ladabi. "Hajiya, don Allah wanne ne naki?"

Dariya ta ƙwace mini. Gwaggo ta duƙa ta nuna masa wani wuri a ƙofar baya inda farin fentin motarta ya shafa.

"Wannan?" in ji shi. "Ai wannan ƙanensu ne. Na kusa da shi surukina ne ya yi. Wancan babban kuma ni da kaina, da ƙofar gidana. Ki tafi kawai, na yafe."

"Ban nemi yafiya ba tukuna. Ina da inshora, su za su gyara."

Nan fuskar dattijon ta canza. Ya ce shi dai a rufa masa asiri. Ya taɓa bin irin wannan hanya, ya yi sati uku yana rufe shago yana zarya da takardu, motar kuma tana gareji ana jiran mai ɗaukar hoto. Gwaggo ta ce doka doka ce. Suka yi ta ja, mai laifi na neman a hukunta ta, wanda aka yi wa laifi na roƙon a ƙyale shi, har mai shagon magani ya fito musu da kujeru.

Daga ƙarshe ta kira ofishin inshorar ta sa a amsa-kuwwa. Wata ma'aikaciya mai sanyin murya ta saurara, ta sa aka tura mata hoto, sannan ta ce, "Mama, za mu rubuta cewa abin ya faru, kuma kin kyauta da kika sanar. Amma a takardarki akwai kason da ke za ki fara biya kafin mu sa hannu, kuma wannan gyaran bai ma kai kason ba. In kika shigar da shi, baɗi kuɗinki na iya ƙaruwa."

"To duk shekarun nan me nake biya?"

"Na babban hatsari ne, Mama, Allah ya kiyaye."

"Amin," in ji Mai Agogo da ƙarfi, kamar shi aka yi wa addu'ar.

Gwaggo ta ce to, a yi sulhu, amma a rubuce. Ta yage takarda daga littafinta ta rubuta rana da lokaci da lambar motocin biyu, ta auna lotsawar da ɗan yatsa ta rubuta tsawonta da faɗinta kamar mai duba rauni. Ita za ta biya gyaran wannan wurin kaɗai, shi kuma ba zai dawo da wata magana ba. Suka sa hannu, ni da mai shagon magani muka zama shaidu.

Mai gyaran jikin motar da ta zaɓa gwani ne. Ya buge wurin, ya yi masa fenti, ya goge. Sai ga ƙofa ɗaya tana sheƙi a jikin motar da rana ta gama cinyewa. Duk inda Mai Agogo ya bi, abokansa sai su ce, "Malam, ƙofa ka saya aka yi maka gyara da mota?" Sati biyu ya jure, ya mayar da motar gareji aka gyara ta gaba ɗaya.

Bayan kwana biyu aka yi sallama a gidan Gwaggo. Wata mata ce mai fara'a, da jakar lemu a hannu.

"Ni ce matar Mai Agogo. Yaya, godiya na zo yi. Shekara tara ina roƙon mutumin nan ya gyara motar nan, ko biki ba na yarda ya sauke ni a ƙofar gida. Ke kuma da ribas ɗaya kin gama magana."

Suka yi dariya har Gwaggo ta cire tabarau tana share ido. Kafin su gama shan shayi matar ta matso ta rage murya ta ce ita ma ta daɗe tana son koyon tuƙi, kunya ce ta hana ta.

Tun daga nan, duk Asabar da safe za ka gan su a filin ƙwallon bayan makarantarmu, Gwaggo na koya mata tuƙi da motarta. Yanzu ɗaliban Gwaggo sun kai shida, duk iyaye da kakanni, suna zaune a benci suna jiran layi suna yi wa juna tsiya. Mai Agogo ne ke kawo matarsa, ya ajiye shuɗiyar motarsa can nesa bayan raga, ya zauna a inuwa yana ba da shawarar da ba wanda ya tambaye shi. Makon jiya matar tasa ta zagaye filin sau uku ba tare da motar ta mutu ba, ta tsaya daidai gabansa ta danna hon.

"Malam, shigo in kai ka gida."

Ya dubi Gwaggo, Gwaggo ta gyaɗa kai. Ya shiga, ya ɗaura bel, ya riƙe ƙofa da hannu biyu.