Shekarar da Muka Ɗauko Mutumin Dandi a Kan Gado

Tsufa ya share mini abubuwa da yawa, har da sunayen wasu da muka ci tuwo a akushi ɗaya. Amma akwai wani al'amari da ya faru a tungarmu da nake jin ba zai bar ni ba sai ranar da aka mayar da ni ga ƙasa. Da ajami na fara rubuta shi, don shi hannuna ya saba, daga baya jikokina suka matsa sai an juya musu shi zuwa boko. Ya faru ne a damina ta farko bayan an ce ƙasa ta samu 'yancin kai.

Tungar tamu tana bakin fadamar kogin Kwara, tsakanin Bagudo da Lolo. Ba mutanen gari ba ne mu. Wasunmu jikokin bayi ne, wasu baƙi ne da ci-rani ya kawo su suka zauna. Gonakin kirki na masu gari ne, mu kuwa aka bar mana gefen da ruwa ke fara ci. In iri ya ƙare wa mutum, ya je wurin masu hali, sai a ba shi dami ɗaya ya biya biyu da kaka, kuma sai ya tsuguna tukuna an gama tambayarsa ko ɗan wane ne shi. Wannan ya sa iyayenmu suka gina rumbu guda na kowa da kowa, don ajiye irin shinkafa. Da kaka kowane magidanci ya kawo nasa a zuba. Sai a liƙe bakin rumbun da yumɓu, kowa ya danna tafin hannunsa a kai tun yana ɗanye. Ba a fasa wannan liƙi sai duk mai hannu a wurin ya zo ya tsaya, ya ɗora hannunsa a gurbinsa. In mutum ya rasu, magajinsa ke ɗorawa. An ce a zamanin da, an taɓa buɗewa a bayan idon wani, ya dawo ya ce an tauye shi, daga nan zargi ya shiga, aka yi shekaru babu rumbun.

Rumbun yana gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba. Ba shi da yawan magana, kuma gonarsa tana ɗan tudu, wurin da ruwa ke isa a ƙarshe. Ni a lokacin magidanci ne da 'ya'ya ƙanana. Don na ɗan yi karatun allo da littattafai, sai ake ce mini Malam, ni ke jan salla.

A wannan shekara ruwan farko ya sauka da wuri, muka watsa irin da kowa ke da shi a gida. Shuka ta fito kore shar, sai sama ta ɗauke. Muna kallo ta ƙone. Da ruwa ya dawo, ba sauran iri a hannun kowa sai na rumbu. Wanda bai noma fadama ba ba zai gane gaggawar ba. Shinkafar fadama tsere take yi da kogi. In ta yi tsawo kafin Kwara ta cika ta malalo, sai ta riƙa bin ruwan tana tashi tare da shi. In kuwa ruwan ya same ta tana ƙarama, ya haɗiye ta, shekara ta tafi ke nan.

Muka taru a gidan Baba bayan sallar asuba. Kowa ya zo, sai mutum ɗaya. Wani mutumin Dandi ne, gidansa da gonarsa suna can hayin iyaka, ƙasar da muke kira ta Faransi, wadda a lokacin aka fara ce mata Dahome. Ya auri 'yar tungarmu, ya shiga tsarin rumbun tun ina saurayi, bai taɓa fashi ba. Mun aika masa ta bakin masu cin kasuwar Lolo, amma shiru.

Wanda abin ya fi ƙona shi ne wani maƙwabcina, ƙaƙƙarfan mutum mai saurin fushi, wanda gonarsa ce can ƙasa, a bakin ruwa. In Kwara ta motsa, shi take fara gaisarwa. Ga iyali da yawa, ga tsohuwar uwa.

Ya ce, "Baba, mi muke jira? Mutumin ga ya samu ƙasa tashi, mu ma mun samu tamu. Ana ta hwaɗin yanzu sai da takarda ake ƙetarowa. A fasa, a ware mishi nashi, in ya zo ya ɗauka."

Baba ya ce, "Hannunshi na nan."

"Na ga hannunshi. Hannun zai shuka mini gona?"

Aka yi dariya kaɗan, irin wadda ba ta kai ciki ba. Sai maƙwabcin nawa ya juyo gare ni, ya ce, "Malam, kai ka yi karatu. Don Allah ka gaya muna, haramun ne?"

Na faɗi abin da na sani. Na ce lalura ce, kuma in aka ware rabonsa a gaban shaidu aka adana, ba a ci haƙƙin kowa ba. Har yau ina ganin amsar daidai ce. Baba ma bai musa ba. Ya ce, "Malam ya yi gaskiya, Allah ba zai kama mu ba. Ni abin da nake tambaya, baɗi in an ce a kawo iri, wa zai kawo? Kowa zai ce ranar da ciwo ko tahiya ta tsare ni, ai buɗewa za su yi. Mu ba mu da alƙali, ba mu da sarkin da zai tsaya muna. Wanga yumɓu shi kaɗai muke da."

Maƙwabcina ya miƙe tsaye. Ban taɓa jin ya ɗaga wa Baba murya ba sai ran nan. Ya ce, "Haƙuri na da sauƙi ga mai gona a tudu, Baba. Kai ko wata guda aka jira, ruwa ba ya kai gare ka. Ni ɗiyana za su ci yumɓun?"

Wasu suka fara cewa ya ba da haƙuri. Baba ya ɗaga musu hannu. Sannan ya ce, "Ka hwaɗi gaskiya. To, bana ka noma tawa, ni in noma taka. Jama'a ku shaida."

Maƙwabcin nawa ya ce shi ba haka yake nufi ba. Baba ya ce ya sani, amma magana ta riga ta fita a gaban shaidu. Sai ya dube mu ya ce, tunda aike bai yi ba, a tashi a je a gano abin da ya tsare mutumin, kada a zauna ana yi masa shari'a a bayansa.

Mu huɗu muka tafi, har da maƙwabcin nawa. Hanyar ta lalace da taɓo, wani wuri har gwiwa. A iyaka muka tarar da wata 'yar bukka da sabuwar tuta, da wani ma'aikaci a zaune yana gasa masara. Muka gaisa, ya tambaye mu inda za mu, muka faɗa, ya ce a sauka lafiya. Takardar da aka yi ta tsorata mu da ita, ko zancenta bai yi ba.

Muka iske mutumin Dandi kwance a zaure, ƙafafunsa biyu sun kumbura suntum. Kurkunu ne ya kama shi, ga tsutsar an fara naɗe ta a tsinke. Yaran yanzu ba su san wannan ciwo ba, alhamdu lillahi. Ba ya kisa yawanci, amma yakan kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke nemansa. Saƙonmu bai isa gare shi ba sam. Da ya ji abin da ya kawo mu, sai ya rufe fuska da hannu.

Ya ce da Hausarsa mai karkacewa, "Ku jama'a, ba ku da hankali? Don ni ɗaya kunka bar gona? Ku koma ku fasa, na yahe."

Maƙwabcina ya matso kusa da shi. Ya ce, "In yafewa ake so da baki, da ba mu sha wanga taɓo ba. Tsohon nan hannu yake so. Ko mu tahi da kai, ko mu yanke hannun mu tahi da shi, zaɓi ɗaya."

Matar mutumin Dandi da ke bayan danga ta fashe da dariya, ta ce mu ɗauke shi duka, ita ma ta huta da nishinsa.

Jaki ba zai iya taɓon ba, jirgin ruwa kuma ba ya kaiwa ƙofar gidansa. Sai muka ɗora shi a kan gadonsa na kara, muka lulluɓe shi da farin zane saboda yayyafi da ƙudaje, muka yi gammo, muka ɗauka. Duk ƙauyen da muka ratsa sai maza su miƙe, mata su ja yara gefe. Da muka iso bukkar iyaka, ma'aikacin nan ya tashi da sauri ya cire hularsa, ya ce, "Inna lillahi! Ashe abin da ya kai ku ke nan. Allah ya jiƙan shi." Sai muryar mutumin ta fito daga ƙarƙashin zane, ya ce, "Amin, amma da saura." Ma'aikacin ya yi tsalle baya har ya taka wutar masararsa. Sai da muka sauke gadon don dariya, kada mu kayar da mara lafiya.

Tafiyar dawowa ta ci lokaci fiye da yadda muka zata, ga nauyi, ga santsi. Kafin mu iso tunga, Kwara ta riga ta canza launi, ta fara ɗauko ciyayi da itace daga sama. Duk wanda ya san kogin ya san abin da hakan ke nufi.

Aka kai gadon har gindin rumbu, aka tallafe shi ya miƙa hannu ya ɗora a gurbinsa. Kowa ya ɗora nasa. Na yi addu'a, Baba ya yi bismilla ya fasa. Aka raba iri da ƙwarya ɗaya, kowa na kallo. Daga nan ba wanda ya sake zama. Maƙwabcina ya sake roƙon Baba a warware musayar, Baba ya wuce shi da ƙwaryar iri a ka ya gangara gonar bakin ruwa. Da muka gama namu, muka haɗa gayya muka mayar da mutumin Dandi gida, muka watsa masa nasa irin a gonarsa.

Allah mai yin yadda ya so. Ruwa ya zo bai jira kowa ba. Gonakin tsakiya irin tawa muka samu rabi, wasu ƙasa da haka. Gonar tudu ta yi kyau. Ta bakin ruwa kuwa, ko zangarniya ɗaya ba a yanka ba. Na ga Baba ya tsaya a gaɓa yana kallon wurin da gonar take, ruwa shimfiɗe kamar ba a taɓa shuka komai ba. Ya ce, "Alhamdu lillahi ala kulli halin," ya juya gida.

Ba zan ce muku jinkirin nan ne kaɗai ya ci gonar ba, don Allah ne masani. Amma manoman da suka fi ni sani sun ce da an watsa iri ran da muka fara taruwa, da an tsira da wani abu. Baba ya ji suna faɗa, bai taɓa gardama ba.

Da kaka maƙwabcina ya loda dammuna ya kai ƙofar Baba. Baba ya ce ya mayar, musaya musaya ce, ba aro ba. Suka yi ta ja har rana ta yi zafi. A ƙarshe mata ne suka raba gardamar ba tare da sun tambayi kowa ba. Suka tsara a tsakaninsu, kowace rana gida ɗaya zai dafa da gidan Baba, a zagaya. Abincin da aka riga aka dafa ba a mayar da shi, wannan ko Baba ya sani. Ranar da zagaye ya zo kan gidan maƙwabcina, akushin sai mutum biyu ke ɗauka. Matar mutumin Dandi kuma duk ranar kasuwar Lolo sai ta aiko da busasshen kifi. Haka gidan ya ci har wata kakar, kuma babu wanda ya je ya tsuguna a ƙofar masu hali a wannan shekara.

Na ga ƙungiyoyi da yawa bayan wannan, na manoma da na 'yan kasuwa, wasu da ofis da hatimi, na kuma ga yadda suke watsewa. Abin da na koya a waccan damina shi ne, taimakon juna ba ya zuwa kyauta, akwai ranar da zai ci wani, kuma ba ya cin kowa daidai. Talakawa suna iya riƙe amanar junansu ba da dukiya ba, ba da hukuma ba, amma da sharaɗi biyu. Wanda ya ce a tsaya kan doka, ya yarda asarar ta fara sauka a kansa. Sauran kuma su san wanda ya biya musu, kada su bar shi ya kwana da yunwa. Allah ya jiƙan Baba da dukan waɗanda muka ɗauki gadon nan tare, ya sa mu cika da imani.