Baƙin Sarki da Ƙwaryar Ruwa

Duk wanda na faɗa wa cewa na ga ruwan sha ya kashe mutum, sai ya dube ni kamar tsufa ya fara taɓa mini kai. Wai ko a rafi ya nutse? A'a. Wai ko sammu aka zuba masa? Ni ma daga tulun da ya sha na sha, ga ni zaune har haƙorana sun zube. Ruwan rijiyar unguwarmu ne, mai sanyi, garai-garai, wanda muke sha tun muna rarrafe. In saurara ka zo yi, zauna. In kuwa musu ne ya kawo ka, tashi ka ba ni wuri.

Abin ya faru a ƙauyenmu da ke kusa da Bakori, 'yan shekaru kafin Nasara su ci ƙasar Katsina. Bazara ce, an gama sharar gona, an kai taki, ana jiran saukar ruwan sama. Mu samari ba mu da aiki sai zaman gindin tsamiyar da ke bayan maƙera. A kwanakin ne wani saurayin unguwarmu ya dawo daga fatauci. Ayarin kawunsa ya bi har bakin kogin Kwara, can ƙasar Nufe, ya dawo baki ya buɗe, kome ka faɗa sai ya ce ai a can ba haka ake yi ba. Tafiya ɗaya tal ya yi, amma don tsokana muke ce masa falke.

Ran nan da hantsi ya zaro wani ƙunshi daga aljihun taguwarsa. Wasu 'yan takardu ne masu kauri, girmansu ɗaya, duk sun yi dauɗa da maiƙon hannu. Wasu da ɗigo ja, wasu da baƙi, wasu kuma da surar mutane masu kai biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ce sunansu karta, wajen wani matuƙin kwale-kwale ya samo su. Muka yi ta juya su muna salati, don a cikinmu ba wanda ya taɓa ganin surar mutum a kan takarda.

Wasan da ya koya mana ba shi da wuya. Za a raba takardun, kowa ya riƙe nasa, ba mai ganinsu sai shi. Sai ka miƙa hannu ka zari ɗaya daga na kusa da kai ba tare da ka gani ba. In ta yi daidai da wata a hannunka, ka yar da su duka biyun. Amma akwai wani baƙin sarki mai takobi da ba shi da ɗan'uwa, don falke ya cire sauran sarakunan. Wanda aka ƙare wasa sarkin nan na hannunsa, shi ya faɗi.

“A can,” in ji falke, “wanda ya faɗi barasa ake cika masa ya shanye.”

Ɗan limamin garinmu yana cikinmu. Ya ce, “A'uzu billahi! Ba barasa, kuma ba wanda zai ajiye kuɗi ko wuri guda, in ba haka ba caca ce, ni kuwa in tashi.” Sai kuma ya ce, “To a sa ruwa mana. Ruwa dai halal ne, bai taɓa cutar da kowa ba.”

Kai, mun ji daɗin wannan dabara! Muka ga mun fi mutanen bakin Kwara wayo, mun kuma fi su tsoron Allah. Aka ɗebo tulu cike, aka aro ƙwaryar da matar maƙeri ke dama fura a ciki. Aka kafa doka: wanda ya faɗi ya shanye ƙwarya cike, a tsaye, ba sauke baki. Wanda ya ji ba zai iya ba, ya ce “na kasa” kowa ya ji, a maƙala masa baƙin sarki a hula, ya ratsa gari da shi har ƙofar gidansu.

A cikinmu akwai taubashina, ɗan gwaggona ƙanwar babana. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana ɗaya ta arziki ba, ni in ce masa bawana, shi ya ce mini raggo, haka al'ada ta ba mu. Ƙato ne, baƙi, mai faɗin ƙirji. In an yi gayya shi ne barde, shi ke shan gaban kowa a kan kunya makaɗa na binsa. Bai taɓa cewa “na kasa” ba a rayuwarsa, ko sau ɗaya. Sai dai Allah ya yi shi da fuskar da ba ta iya ɓoye kome. In baƙin sarki ya shigo hannunsa, sai ka ga ya haɗe gira. In yatsanka ya sauka a kan sarkin, sai bakinsa ya fara murmushi tun kafin ka zara, sai kawai ka matsa ka ɗauki ta kusa.

Da farko kowa ya sha rabonsa. Ni na sha, ɗan liman ya sha har yana ƙwarewa, muka yi ta ƙyaƙyata dariya. Amma da aka gane fuskar taubashina, sai sarkin nan ya tare a hannunsa kamar an ɗaura musu aure. A raba, ya faɗi. A sake, ya faɗi. Ya miƙe, ya kafa kai, maƙogwaro na hawa yana sauka, ya kife ƙwaryar a ƙasa ya ce a raba. Tulu ya ƙare, aka ɗebo wani. Cikinsa ya fito tim, har ya sassauta mazagin wandonsa. Muna ta tafi, ana cewa yau barde ya gamu da gamonsa.

Wajen tsakar rana na lura yana dafe kai. Hannunsa na rawa, takarda ta faɗi bai ma sani ba. Na dubi idanunsa, na ga kamar yana kallon bayana. Dariyar ta fita daga raina gaba ɗaya. Na matsa kusa da shi na rage murya.

“Ɗan'uwa, ya isa haka. Ajiye ƙwaryar nan mu tafi gida.”

Ya washe baki. “Ji raggo! So kake ka ga bayana, ka samu abin faɗi a gaban Gwaggonka.”

“Wallahi ba wasa nake ba. Dubi yadda kake rawar jiki.”

“Yau har da wallahi? To bawan wa aka ce ba ya iya shan ruwa? Cika mini!”

Ka ji inda wasan taubasai ya cuce ni. Da wani ne ya faɗa masa, ko ɗan liman, ko falke, wataƙila da ya ji. Amma daga bakina? Ni da tun tasowarmu ban taɓa gaya masa gaskiya tsirararta ba, duk abin da na faɗa tsokana ce a kunnensa. Na riƙe ƙwaryar, ya fizge, sauran suka ce in bari, ai doka doka ce. Na juya wajen ɗan liman na ce ya yi masa magana. Ya ce, “Haba, ruwa ne fa. Iyakarsa ya yi ta fitsari har gobe.” Wallahi ni kaina a lokacin ban san abin da nake tsoro ba, don ban taɓa jin an ce ruwa ya yi wa wani illa ba. Ya shanye wannan, ya kuma shanye wata bayanta.

Aka kira azahar, muka tashi yin alwala. A nan na ga abin da har gobe in na tuna tsigar jikina ke tashi. Mutumin da ba ya wasa da salla, ya tsuguna da buta, ya wanke ƙafa, ya koma ya wanke ƙafar, ya rasa abin da ke biye. Ya ɗago ya dube ni ya ce, “Kai ɗan gidan wa ne?” Na ɗauka ramuwa yake yi. Kafin in ba shi amsa sai amai ya ƙwace masa, ruwa zalla, kamar an fasa randa. Ya yunƙura zai miƙe, ya tafi luu ya faɗi a gefe. Jikinsa ya sanƙare, sannan ya shiga fizge-fizge kamar mai farfaɗiya, idanu sun kakkafe, shi da ko zazzaɓi ba ya kwantar da shi.

Innalillahi! Falke ya tattara kartarsa da sauri, rabi na zubewa. Muka kinkimi taubashina, da ƙyar muka kai shi zauren gidansu. Gwaggo ba ta nan, tun da safe ta kai zarenta kasuwar Bakori. Kan ka ce me, zaure ya cika. Wata tsohuwa maƙwabciyarsu ta taɓa goshinsa ta ce zafin rana ne ya buge shi, a yayyafa masa ruwa, a kuma ba shi ya sha. Wani dattijo ya ce gindin tsamiya da tsakar rana, ai kowa ya san masu wurin, iska ce ta taɓa shi.

Na ce, “Baba, ruwa ya sha da yawa. Tulu ya kusa shanyewa shi kaɗai, ko fiye.”

Dattijon ya daka mini tsawa. “Rufe mana baki! Ana maganar rai kana maganar ruwa? A ina ka taɓa jin ruwa ya ka da ƙato?”

Aka aika wa liman. Bawan Allah ya zo da sauri, ya yi addu'a, ya cika allo da rubutu ciki da baya, aka wanke a babbar ƙwarya. Niyyarsa alheri ce, niyyar kowa a zauren nan alheri ce. Aka tallafi kan taubashina, aka buɗe haƙoransa da bakin ludayi, aka shiga ɗura masa. Yana dawowa ta gefen baki, ana ƙarawa. Ni ina tsaye jikin bango, ina kallon ruwa na shiga cikin da ya riga ya cika ya batse. Bayan shekaru ne wani makiyayi ya ce mini ya sha ganin maraƙi ya afka wa ruwa ya sha ya wuce ƙima, ya faɗi yana shure-shure haka nan. A ranar dai ba wanda ya san haka, mu duka.

Bayan la'asar fizge-fizgen ya tsaya, aka ce alhamdulillahi ya samu barci. Numfashinsa ya yi ta ja da nisa, yana tsayawa yana dawowa. Rana ba ta faɗi ba ya cika. Na taɓa hannunsa, tafin nan mai kanta da ya saba da ƙotar garma, na kasa yarda. Da hantsi mutumin nan lafiyarsa ƙalau, har ya ɗaga ni sama da hannu biyu don in ce ya fi ni.

Da almuru Gwaggo ta iso, ƙwaryar kasuwa a kanta, da ɗan ƙullin gishiri da goro. Ta ga taro a ƙofar gida, ta tsaya cak. Babana ne ya fito ya gaya mata. Ba ta yi ihu ba. Ta sauke ƙwaryar, ta zauna a ƙasa inda take, tana ta maimaita innalillahi. Can ta ɗago tana duba fuskoki har ta gan ni, ta yafito ni. Na je na durƙusa, ta kama wuyan hannuna ta riƙe gam.

“Kana wurin?”

“Ina wurin, Gwaggo.”

“Da wannan zafin da aka yi yau, ni kuwa ba na kusa.” Ta ƙara matse hannuna. “Gaya mini gaskiya, ban da wasanku. Bai tafi da ƙishirwa ba ko? Kun ba shi ruwa?”

Na ce, “Mun ba shi, Gwaggo.”

Ta sauke ajiyar zuciya, ta shafa kaina.

“Alhamdulillahi,” ta ce. “Allah ya yi muku albarka.”