Ƙofar Bayan Gidan Yaya

Shekarun da na yi ina yi wa 'yan kasuwarmu masu sayo injina tafinta, na taɓa zama a wani ƙauye a Jamus inda jirgin ƙasa mai ɗauke da sharar nukiliya yake ratsawa. Gwamnati ta ware kuɗi saboda mutanen gefen hanyar. Kowane gida ya san inda zai nufa in aka busa jiniya, tsohuwar da nake haya a gidanta ma ta san wanda zai zo ya ɗauke ta. Na ga irin haka a Faransa. Na dawo gida ina ba da labari har aka gaji da ni.

Mu ba mu da nukiliya, tankar mai muke da ita. Gidan yayata a Dawaki yana daidai kwanar da tankoki ke karkacewa kamar za su gaida mutanen gidan. Gwiwoyinta sun ƙi, daga ɗaki zuwa zaure sai ta huta a hanya, kuma ƙofar gidan ɗaya ce, titi take kallo. In wuta ta tashi, ta nan za ta fita, wato ta cikin wutar.

Da na ji mu ma an ware kuɗin shirin ko-ta-kwana, har alwala na sake. Wani kwamiti ya zo daga birni da riguna masu ƙyalli, da allon gargaɗi da Turancin da ni kaina sai da na gyara tabarau, da jiniya sabuwa dal. Aka ce ranar atisaye, da an busa, kowa ya gudu filin makaranta.

Aka busa. Gari ya ɗunguma zuwa bakin titi. Tun da aka haife mu, jiniya ba ta taɓa nufin komai ba sai babban mutum, babban mutum kuwa wani lokaci yakan zo da taki. Wasu har da buhu. Shugaban kwamitin ya dubi cincirindon, ya sa aka ɗauki hoto, ya ce bai taɓa ganin jama'a masu ba da haɗin kai irin namu ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, da tanka ce ta faɗi, yanzu duk muna cikin wuta. Kuma akwai tsohuwa a gidan can, wa zai ɗauke ta?"

Ya ce, "Alhaji, tsofaffi suna kashi na biyu."

Na shiga na tarar da Yaya tana ɓarar gyaɗa.

"Me aka raba?" in ji ta.

"Ba a raba komai ba, Yaya. Gudu aka ce a yi."

"To ka gudu mana, mutumin Jamus. Ni da me zan yi?"

Na ce a fasa mata ƙofa ta baya, wajen gonar dawa. Ta ajiye ƙwaryar. "Kai yaron nan, yawon duniya ya taɓa ka. Da furfurata za a ce gidana yana da ƙofar baya? Wa nake shigo da shi?"

Ranar ina da jika mai aure, amma ni ne yaron nan. Na yi ta zarya, tana ƙi. Abin da ya karya ta, wata tanka ce da ta kwashe rumfar mai faci a gaban zaurenta ta tsaya da ƙyar. Washegari Yaya ta aiko: in kawo magini, amma a yi ƙofar ƙarama, kada ta yi kama da ta marasa kunya.

Aka fasa. Mai facin ya yi alkawarin shi zai goya ta in wuta ta tashi, ta ce sai dai ya fara wanke hannu.

Da kwamitin ya dawo duba aiki, sai suka ga ƙofar. Suka liƙa mata koriyar takarda mai hoton mutum yana gudu, suka jeru a gabanta da rigunansu aka ɗauke su hoto. Kashi na biyu ke nan. Yaya ta leƙo ta ce su matsa, sun tare wa awakinta hanya.