"Da Sauƙi": Fassarar da Ta Raba Hajiya da Ɗakinta

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata al'amarin ya fara lalacewa, kuma da bakina ya lalace. A lokacin ni ɗaliba ce a London, farkon shekarun casa'in, mai shiru-shiru, ba na iya haɗa ido da babba, amma ba na barin ko waƙafi ya zauna inda bai dace ba. Ina haya a ƙaramin ɗaki a flat, wato sashen gidan bene, na wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da muka haɗu a masallacin Whitechapel. Hajiya nake ce mata. Ita kuwa "kai" take ce mini, irin Hausarsu, har na daina jin abin banbarakwai.

Shekara guda da tarewata ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Ba ta da ɗa ko jika a ƙasar. Ni ke yi mata wanka, in kai ta bayi, in dama mata koko, sannan in ruga in kama tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Da karatu da jinya suka fi ƙarfina, na cika fom ɗin council, wato ƙaramar hukuma, na neman a ba ta mai kula da ita da za ta zauna a gidan dare da rana. Sharaɗin a rubuce yake: sai an tabbatar ba ta iya kula da kanta, kuma ciwon ba mai warkewa nan kusa ba ne. Na karanta shi sau uku, har na ja masa layi.

Ranar Talatar nan ma'aikaciyar da aka turo ta zo ba tafinta, ta ce ai ni ma na isa. Hajiya ta sa na ɗaura mata ɗankwalinta na Juma'a, na fesa mata turare, ta zauna ƙyam kamar ba ita ba. Matar ta tambaye ta yaya jiki, Hajiya ta ce da sauƙi. Ni kuma, da nake ganin amanar tafinta ita ce kada ya ƙara kada ya rage, na juya da Turanci cewa tana warwarewa. Aka tambaye ta batun wanka, ta sunkuyar da kai ta ce alhamdulillahi, ana lallaɓawa. Na ce tana iyawa. Da aka zo maganar bayi, Hajiya ta juyo ta tambaye ni ko yarinyar nan ba ta da uwa ne, da za ta zauna tana yi wa sa'ar kakarta irin wannan tambaya. Kunya ta rufe ni, na ce babu matsala. Matar ta yi ta cika akwatunan takardarta. Ba ta ce Hajiya ta miƙe ba. Ba ta leƙa banɗaki ta ga kujerar roba da nake zaunar da ita a kai ba. Shayin da na kawo mata ma bai huce ba ta tafi.

Bayan sati uku wasiƙa ta zo: Hajiya ba ta cancanta ba, tunda da bakinta ta ce tana murmurewa. Za a riƙa turo mai shara sau biyu a sati. Mai shara! Na zauna na rubuta musu shafi huɗu ina bayanin cewa Bahaushe ko yana gargara "da sauƙi" zai ce, domin godiya ce ga Allah, ba rahoton likita ba. Suka amsa da layi biyu, wai an sa ta a layin sake dubawa. Na je ofishin da ƙafata, wani ya tambaye ni, yana murmushi, shin ƙarya na yi a ranar ko yanzu nake yi. Har yau in na tuna murmushin nan zuciyata tafasa take.

Muna cikin jiran, wata rana da azahar ina ɗakin jarrabawa, ta yunƙura za ta yi alwala ta faɗi, ƙugunta ya karye. Maƙwabciya ce ta ji ihunta. Daga asibiti ba a maido ta gida ba. Aka kai ta gidan tsofaffi can bayan Dagenham, inda babu mai jin Hausa, babu wanda ya san alƙibla, aka karɓe flat ɗin, da ma na council ne. A ranar kam kowa ya yarda ta cancanta.

Don haka nake roƙon duk wanda zai yi wa tsohonsa tafinta a gaban ma'aikatan nan: ku ajiye kunya a bakin ƙofa. Abin da aka furta kawai suke rubutawa, ba su san kawaici ba, ba kuma za su tambaya ba. Ku faɗi wankan, ku faɗi bayin, ku nemi tafinta na daban in bakinku zai yi nauyi.

Na yi wata biyar ina zuwa duba ta kafin in iya tambayarta abin da ke cina: me ya sa ba ta faɗa wa matar gaskiya ba? Ta ce ita ba da Baturiya take magana ba a ranar, da ni take, ni da nake wanke ta kullum. Ta ce ta ɗauka shi ya sa aka zaunar da ni a tsakani, don in faɗi abin da bakinta ba zai iya faɗa ba.