Sunan da Ya Daina Amsawa

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Sanusi, Allah Ya jiƙansa. Har yau manhajar da ya rubuta tana aiki a tsohuwar kwamfutarsa a shagonmu na Makarfi, tana tura wa manoman rake saƙon hasashen ruwan sama, daga Gazara har Gubuchi.

Ni tela ne, ban san kan abin ba sai ɗan abin da ya cusa mini da ƙarfin tsiya. Ya ce kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. Kafin ta ɗauko hasashen daga wani shafin intanet, sai ta tambaya, sunan shafin nan, wace lamba ce tasa? Kayan aikin da ya ɗora manhajar a kai an yi su ne don su riƙa ayyuka da yawa lokaci guda, amma da an zo tambayar suna sai komai ya tsaya cak. Ga sabis ɗinmu kuwa, sai addu'a. A wata damina saƙon bai fita ba sai da ruwa ya gama dukan takin mutanen ƙauyen Taba. Ranar ko tuwo bai ci ba.

Da ya gyara, ya ce mini, "Ƙanena, na ware mata ɗan aike. Shi ya je ya yi ta jira, saura su ci gaba. In ba a amsa ba, ta bi tsohuwar lamba."

Bara masu shafin suka bar sunan ya mutu. Kullum da safe manhajar tana tambaya, shiru, sai ta bi tsohuwar lambar, saƙo ya fita. Ran da aka sauya lambar kuma, shi ke nan. Na kai wa yara masu ilimin abin a Ikara, kowa ya leƙa ya ce a sake sabuwa. Da yana nan, na san dariya zai yi, ya ce su sake mana, me ake jira? Ni ne na kasa. Wallahi na gaji da kunna ta da faɗuwar gaba, amma hannunsa ne a ciki.

Abin da ya rage nasa ke nan, saƙon da manoma ke dubawa kafin su zuba taki, yawancinsu ba su ma san ya rasu ba. Ya koya wa na'ura kada ta tsayar da komai don an kira suna ba a amsa ba. Ni dai, Yaya, ba ka koya mini ba.